ZAƁEN ƘANANAN HUKUMOMI A LOKACIN ANNOBA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Dalilin Wannan Bayani

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu na ƙasashen da ke arewa da birnin Kano, watau kamar su Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Tofa da Bichi da Ɓagwai da Makoɗa da Dambatta. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda za a yi zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli in ranar ta faɗo a kan wata annoba, ba tare da an mai da rumfar zaɓe wurin rabon cuta ba.

Zaɓe dai ba aikin Hakimi ba ne. Akwai hukumar da doka ta ɗora wa wannan, ita ce Hukumar Zaɓe ta Jihar Kano, wadda ake kira KANSIEC. Warkar da marasa lafiya kuma aikin likitoci ne. Amma malamin zaɓe baƙo ne a ƙauye, da safe ya zo, da yamma ya koma. Likita kuwa yana asibiti, sai wanda aka kai masa yake gani. Wanda ya san gidan da aka kwana da mai amai, da unguwar da aka yi jana'iza uku cikin mako guda, da rijiyar da mutanen kasuwa suke sha, shi ne mai unguwa, daga gare shi sai dagaci, daga dagaci sai Hakimi. Saboda haka, ko da yake sunan Hakimi ba ya cikin takardun zaɓe, rabin lafiyar ranar a hannunsa take.

Abin da Ya Faru a Kano

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka fara samun mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. Ran 11 ga Afrilu aka sami na farko a Kano. Ba a yi mako guda ba Gwamnatin Jiha ta hana fita, sa'an nan ran 27 ga watan Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ba da umurni a rufe Kano har mako biyu. A cikin wannan wata ne aka yi ta rasa mutane a birni, yawancinsu dattawa. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce ta kashe su ko ta gaggauta ajalinsu.

Cutar ta lafa da damina, mutane suka saki jiki. Da hunturu ya shigo sai ta dawo, har hukuma ta ba da sanarwa a watan Disamba cewa an shiga zagaye na biyu. To, a tsakiyar wannan ne ranar zaɓen ƙananan hukumomi ta zo. Ran Asabar, 16 ga Janairu, 2021, aka yi zaɓen shugabanni 44 da kansiloli 484, Farfesa Garba Ibrahim Sheka yana shugaban hukumar zaɓen. Hukumar ta ce jam'iyyar APC ce ta ci kujerun duka. A ranar babu allurar rigakafin korona ko ɗaya a ƙasar, don kuwa sai ran 2 ga Maris kason farko ya sauka Abuja. Kwanaki kaɗan bayan zaɓen Gwamnatin Jiha ta rufe gidajen kallo da na biki, ta ce yawancin ma'aikata su zauna gida. Kafin watan ya ƙare Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta wajabta sa takunkumi a wuraren taro.

Wannan ba shi ne karo na farko da zaɓe ya gamu da annoba a ƙasar Kano ba. A watan Maris na 1996 an yi zaɓen ƙananan hukumomi wanda ba na jam'iyya ba, alhali sanƙarau yana tsakiyar ɓarna. A wannan shekara ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ba kuma shi ne na ƙarshe ba. A watan Disamba na 2022 mashaƙo ya ɓulla, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ga shi kuwa an yi babban zaɓe ran 25 ga Fabrairu da ran 18 ga Maris, 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye korona daga matsayin gaggawa ran 5 ga Mayu, 2023, amma sanƙarau da kwalara da mashaƙo suna nan, kowace da lokacinta. Wa'adin ƙananan hukumomi kuwa ba ya jiran kowa. Tilas wata rana su sake haɗuwa.

Abin da Ya Bambanta Wannan Karkara

Waɗansu suna zaton annoba ciwon birni ce, ƙauye sarari ne. A arewacin Kano wannan zato ba daidai ba ne. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki, ya nuna yana cikin karkarar da ta fi cika da mutane a Afirka ta Yamma. Gona tana jikin gona, gida yana hangen gida, da wuya a sami daji tsakanin ƙauye da ƙauye. Mutanen kuma kullum suna kan hanya. Da rani samari suna ci-rani a birni, su dawo gida ranar zaɓe domin a ƙauye suka yi rajista. Fatake suna zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau daga nesa, har daga Nijar. Ran Lahadi ana cin kasuwar Dambatta, watau kashegarin zaɓe ke nan, tun da yake ran Asabar aka saba yin zaɓe.

Ma'anar wannan ita ce, a rana ɗaya za a tara wanda ya kwana Fagge ko Kurna da tsohon da bai bar ƙauyensa ba shekara guda, su tsaya layi ɗaya, su dangwala yatsa a tawada ɗaya. In akwai cuta a tsakaninsu, kashegari kasuwa ta raba ta.

Sanin Cuta Kafin Neman Tsari

Ba kowace annoba ce take bi ta hanya ɗaya ba, kuma shirin da ya tsare wannan ba lalle ya tsare waccan ba. Ya kamata Hakimi ya fara tambayar jami'in lafiya wace cuta ce ake fama da ita.

Korona tana bin numfashi. Mai ita ya yi tari ko magana, na kusa ya shaƙa. Ta fi kama mutane a ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsawa. Takan yi kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, wani ma yana rabawa bai san yana da ita ba. Ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini.

Sanƙarau shi ma numfashi yake bi, lokacinsa daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da iska ta bushe, ƙura ta yi yawa. Alamarsa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka ba a kwana da mai shi a gida.

Mashaƙo yana kama maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Ya fi kama yaran da ba a yi musu allurar rigakafi ba. Yara ba sa jefa ƙuri'a, amma su ne masu tallar ruwa da gyaɗa a bakin rumfa, su ne kuma ake goye da su a layin mata.

Kwalara, watau amai da gudawa, hanyarta dabam. Ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da kashin mai cutar ya taɓa. Ta fi yawa da damina, kamar yadda aka gani a 2021 sa'ad da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Takunkumi ba ya tsare ta. Abin da yake tsare ta shi ne ruwa mai tsabta da sabulu da masai.

A Yi Zaɓe Ko a Ɗage?

Wannan hukunci ba na Hakimi ba ne, amma za a nemi shawararsa, talakawa kuma za su tambaye shi dalili. Ya kamata ya san abin da ke kowane gefe.

Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa gudanar da ƙananan hukumomi ta hannun waɗanda jama'a suka zaɓa. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan, ta ce kantomomin da aka naɗa ba su da hurumin karɓar kuɗin ƙananan hukumomi. Ashe ke nan ɗage zaɓe ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramar hukuma ce take riƙe da ɗakunan shan magani na ƙauye da duba-gari, in ta zauna babu shugaba na halal a tsakiyar annoba, an raunana hannun da zai yi yaƙin.

Ƙasashen duniya sun bi hanyoyi daban-daban. Ingila ta ɗage zaɓen ƙananan hukumominta na Mayu 2020 har shekara guda. Faransa ta yi zagayen farko ran 15 ga Maris, 2020, ta ɗage na biyu zuwa 28 ga Yuni. Laberiya ta ɗage zaɓen 'yan majalisar dattawa daga Oktoba zuwa 20 ga Disamba, 2014, saboda cutar Ibola, ta yi shi da ruwan wanke hannu da auna zafin jiki a bakin rumfuna, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na masu zaɓe suka fito. Koriya ta Kudu ta yi nata ran 15 ga Afrilu, 2020, kowa da takunkumi da safar hannu, aka ware kwana biyu na jefa ƙuri'a tun kafin ranar don a rage cunkoso, mutane kuma suka fito har kashi 66 cikin ɗari, hukumar lafiyarsu ta ce ba ta ga cutar ta yaɗu ta rumfunan zaɓe ba. Maƙwabciyar Nijeriya, Nijar, ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ran 13 ga Disamba, 2020, da na shugaban ƙasa ran 27 ga watan. A jihar Sabah ta ƙasar Malesiya kuwa an yi zaɓe a Satumba 2020, aka yi ta taron siyasa da zirga-zirga, cutar ta tashi bayansa, har Firayim Ministansu ya yarda zaɓen yana cikin dalilai.

Abin da za a koya daga waɗannan shi ne, jefa ƙuri'ar kanta ana iya tsare ta in an yi shiri, don kuwa a fili ake yi, kowa kuma ɗan lokaci yake ɗauka. Haɗarin ya fi yawa a taron neman ƙuri'a, da motocin da ake cusa magoya baya a ciki, da ɗakin da ake tattara sakamako da dare.

Ƙa'idodin da Aka Taɓa Gwadawa

A watan Mayu na 2020 Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ta fitar da ƙa'idodin yin zaɓe a lokacin korona. Ta fara gwada su a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya ran 8 ga Agusta, sa'an nan a zaɓen gwamnan Edo ran 19 ga Satumba da na Ondo ran 10 ga Oktoba. Ga manyansu. Kowa ya zo da takunkumi, amma malamin zaɓe yana iya cewa ya sauke don a ga fuskarsa. A yi layi biyu, na waje da na ciki, a riƙa shigo da mutane kaɗan kaɗan daga na waje. Tsakanin mutum da mutum a bar mita biyu. A ajiye abin tsabtace hannu. A goge na'urar tantance masu zaɓe da auduga da sifirit duk sa'ad da wani ya ɗora yatsa. Wanda aka ga alamar ciwo a jikinsa a fitar da shi daga layi cikin mutunci, a saurare shi dabam.

A takarda ƙa'idodin ba su da laifi. Amma masu sa ido a zaɓen Edo da Ondo sun ba da labarin cewa a rumfuna da yawa tazarar ba ta tsaya ba, mutane suka cunkushe. Dalili kuwa a fili yake. Malaman zaɓe uku ko huɗu da ɗan sanda ɗaya ba za su iya tsare mutum ɗari biyar ba. A yi lissafi: mutum 500, kowane da mita biyu, layin zai kai kilomita guda. Babu filin makarantar da zai ɗauki wannan. Sai dai a hana su zuwa gaba ɗaya, wannan kuwa ba mai iya shi sai wanda ya san su gida gida. A watan Yuni na 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe, na Jihar Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222. Wannan zai taimaka, amma sai in mutane sun mai da rajistarsu sababbin rumfunan.

Aikin Hakimi Kafin Ranar Zaɓe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an sa ranar zaɓe, ana kuwa cikin annoba, ya kamata Hakimi ya yi waɗannan.

1. Ya kira taro a fili, a ƙofar gidansa ko gindin itace. Ya gayyato dagatai da limamai, da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da jami'in da ke sa ido kan ɓullar cututtuka, da jami'in zaɓe, da shugaban 'yan sanda, da shugabannin jam'iyyu duka, kada a bar ko ɗaya. Abin da aka yarda a kai a rubuta, kowa ya sa hannu.

2. Ya sa dagatai su zaga rumfunan ƙasarsu tare da duba-gari. Rumfar da take cikin aji ko zaure a roƙi jami'in zaɓe a fito da teburin waje, cikin harabar wurin. Da hunturu a zaɓi gefen da gini ya tare iska, da bazara a nemi inuwa. Hakimi ba shi da ikon ɗauke rumfa daga inda hukuma ta sa ta, shawara kaɗai zai bayar.

3. Ya sa a tanadi ruwa da sabulu. Ba sai an jira famfo ba. Randa mai murfi da buta da kwano sun isa, muddin dai wani ne yake zuba wa mutum, ba kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya ba. In kwalara ce, ruwan sha ya zama na burtsatse ko dafaffe ko wanda ma'aikacin lafiya ya sa wa magani, a kuma gyara masan makarantar tun da wuri.

4. Ya shirya zuwa unguwa unguwa. Masu unguwanni su faɗa wa mutanensu lokacin da ya fi kyau su fito, waɗannan da hantsi, waɗancan kafin azahar. Wannan shawara ce ta sauƙi, ba doka ba ce. Duk wanda ya zo cikin lokacin zaɓe yana da ikon ya jefa ƙuri'arsa, ko daga wace unguwa yake. Ya kamata a yi rabon lokacin a gaban wakilan jam'iyyu, don kada a ce an tura unguwar 'yan hamayya ƙarshe da gangan.

5. Ya sa a yi shela a kasuwa da masallatan Juma'a, da kalmomi kaɗan waɗanda ba za a juya su ba. Matan da suke cikin kulle ba sa jin shelar kasuwa, saboda haka a bi ta ungozomomi da matan da suke shiga gida gida don allurar shan inna.

6. Ya yi magana da 'yan takara a kan taro. In hukuma ta ƙayyade yawan mutanen da za su taru, ƙa'idar ta hau kan kowa. A roƙe su su bi unguwa unguwa a fili, su bar cika mota da yara.

Ranar Zaɓe

Da sassafe mai unguwa da matasa biyu ko uku su shata wurin tsayuwa da toka ko farar ƙasa. Wanda bai san mita ba a ce masa gaba ɗaya, irin wadda masu haƙar rijiya suke aunawa. Layin maza dabam, na mata dabam, kamar yadda aka saba. Tsofaffi da masu ciki da masu goyo a fara sallamarsu, don su ne tsayuwa cikin taro ta fi cuta.

Kowa ya wanke hannu kafin ya karɓi takarda, ya sake wankewa bayan ya dangwala, amma kada a goge alamar da malamin zaɓe ya shafa a farce. Gaisuwa a yi ta da baki. Wannan yana da nauyi ga Bahaushe, sai dai in Hakimi da liman suka fara, sauran za su bi ba tare da jin an wulaƙanta su ba.

Masu talla a ba su wuri nesa da layi. In kwalara ce a roƙe su su bar sai da zoɓo da kunu da yankakken abin marmari a wannan rana, iyaye kuma su tsare yara a gida.

Wanda ya zo yana tari ko zazzaɓi, ba mai unguwa ne zai kore shi ba, ba kuwa wakilin jam'iyya ba. Ciwo ba ya soke ƙuri'a. A zaunar da shi gefe a inuwa, a gaya wa shugaban rumfa, shi ya san yadda zai karɓi ƙuri'arsa. Bayan nan ma'aikacin lafiya ya duba shi. Mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, watau lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana neman mota. Tun kafin ranar ya kamata a san motar da za ta kai mara lafiya asibitin Bichi ko Dambatta ko wanda ya fi kusa, a kuma gaya wa 'yan sanda, tun da yake akan hana zirga-zirga ranar zaɓe.

Wajen ƙirga ƙuri'a nan ne shiri yakan rushe, kowa yana so ya leƙa. Ba daidai ba ne a ce mutane su watse saboda cuta, a ƙirga a ɓoye. Wannan zai jawo zargi, zargi kuwa shi ke kawo turereniya. Abin da ya fi shi ne a shata da'ira mai faɗi, wakilan jam'iyyu a ciki kusa da tebur, jama'a a bayan layi, malamin zaɓe ya ɗaga kowace takarda ya faɗa da ƙarfi. A wurin tattara sakamako a buɗe tagogi, ko a fito da tebur farfajiya a kunna fitila.

Aikin Malamin Hakimi

Malamin Hakimi ya buɗe littafi dabam domin wannan aiki. A shafin farko ya jera rumfunan ƙasar, kowace da sunan dagacinta da mai unguwarta, da inda za a ɗebo ruwa, da ɗakin shan magani mafi kusa. Bayan wannan ya ware shafi ga kowane dagaci, inda za a riƙa rubuta rahoton kowace rana tun mako biyu kafin zaɓe: mutum nawa suka kwanta, da wace alama, mutum nawa suka rasu, yaro ko babba. Ran da ba a sami kome ba a rubuta babu. Shafin da aka bari fari ba ya nuna ko lafiya aka kwana ko ɗan aike ne bai zo ba.

Malami ya rubuta abin da aka gani, kada ya sa wa ciwo suna. Ya ce zazzaɓi da sanƙarewar wuya, likita ne zai ce sanƙarau. Ya aika da kwafi ga jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, wani kuma fadar Sarki. Sunayen marasa lafiya amana ne, ba a karanta su a majalisa, ba a kuma ba ɗan siyasa. Kada kuma malami ya rage adadi don tsoron a ɗage zaɓe, ko ya ƙara don a ɗage.

Bayan Zaɓe

Aiki bai ƙare da faɗin sakamako ba. Wanda ya ɗauki cuta ranar Asabar ba lalle ya kwanta ranar Lahadi ba. A ci gaba da rahoton kullum har mako biyu. In aka ga mutum biyu ko uku daga unguwa ɗaya da alama iri ɗaya, a sanar a ranar, kada a jira ƙarshen mako. Waɗanda suka ci zaɓe a roƙe su su jinkirta walima da jerin gwanon motoci har kwanakin su wuce. Ma'aikatan zaɓe da 'yan sanda da wakilan jam'iyyu, su da suka yini cikin jama'a, ya kamata su yi nesa da tsofaffin gidansu na 'yan kwanaki.

Abubuwa Biyu da Hakimi Zai Kiyaye

Na farko shi ne adalci. Hakimi uban kowa ne. Ran da aka hana wannan jam'iyya taro da sunan annoba, aka bar waccan ta cika filin makaranta, daga ranar babu wanda zai sake yarda akwai cuta. Za a ce dabarar siyasa ce, ma'aikacin lafiya ya zo da allura a rufe masa ƙofa. Ɓarnar da wannan zai yi ta fi ta zaɓe ɗaya.

Na biyu shi ne jita-jita. Mutanen Kano sun san abin da ta taɓa jawowa. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna saboda zargi, sai a watan Yuli na 2004 aka koma, kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen waje. Abin da ya gyara al'amarin kuwa shi ne shigar sarakuna da hakimai da malamai, musamman tun daga 2009 da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa na kiwon lafiya. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka ba da sanarwa cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Hanyar da aka bi aka ci wannan nasara, watau daga Hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa zuwa ƙofar gida, tana nan ba ta toshe ba. Wanda ya ce tsare kai rashin tawakkali ne, liman ya tuna masa cewa Sayyadina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can.

Kammalawa

Talaka yana da hakki biyu a wannan rana, ya zaɓi wanda yake so, ya kuma koma gida lafiya. Ba daidai ba ne a ce sai ya bar ɗaya kafin ya sami ɗaya. Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne: fili, da ruwa, da sabulu, da toka, da littafin malami, da maganar Hakimi wadda kowace jam'iyya ta yarda da ita. Hakimin da ya karanta wannan ya sa a karanta wa dagatansa, malaminsa kuma ya buɗe littafin tun ran da aka sa ranar zaɓe.

Allah ya kiyaye ƙasa da jama'arta, amin.